WAIWAYE: Shekaru takwas na Malam Aminu Kano tsakanin alli da siyasa

A farkon watan Nuwamba na shekarar 1950, wani malamin makaranta mai shekara 30 da haihuwa ya ɗaure littattafansa ya bar garin Maru, wanda a wancan zamani yake cikin Lardin Sakkwato, a yau kuma yake cikin Jihar Zamfara. Babu wanda ya kore shi. Shi da kansa ya rubuta takardar ajiye aiki makonni kaɗan kafin ranar. Ya bar albashin da ba ya yankewa, da girman da ake ba malamin babbar makaranta, da fanshon da zai tarar idan ya tsufa, a lokacin da 'yan Arewa masu irin karatunsa ba su fi a lissafa su da sunayensu ba. A Kano, garinsu, babu ofishin da ke jiran sa. Abin da ke can shi ne wata jam'iyya 'yar wata uku da kafuwa, wadda ba ta da kujera ko ɗaya a kowace majalisa, masarauta kuma ta riga ta sa mata ido.

Malamin shi ne Aminu Kano. Akasarin matasan yau sun san shi ne ta hoton jar hula da farar riga, da sunan filin jirgin sama da asibitin koyarwa, da kuma bakin 'yan siyasar da ke rantsuwa da aƙidarsa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Ba a cika ba da labarin Aminu ma'aikaci ba, mutumin da ya shafe shekaru takwas yana shiga aji da safe, alhali zuciyarsa na wani wurin, yana kuma gwada duk dabarar da za ta ba shi damar ci gaba da aikin ba tare da ya haɗiye abin da ke bakinsa ba.

Aikin da ba shi ne zaɓinsa na farko ba

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne kuma muhuti a kotun alƙali, daga zuriyar Gyanawa da aka sani da ilimin shari'a. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma mai karatu ce, kuma a gida ya fara karatun Alƙur'ani kafin a sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A 1937 ya samu shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka ɗauke daga Katsina zuwa Kaduna shekara guda bayan haka, ita ce kuma ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya daga baya.

Yaron da ya tashi a gidan shari'a, abin da ya so ya zama shi ne lauya. Amma a Arewar 1942, shekarar da ya kammala kwaleji, hanyoyin da ke gaban ɗalibi 'yan kaɗan ne, kuma Turawa ne suka shata su: ko ya zama akawu ko malami a ƙarƙashin En'e, ko ya shiga sashen gona, daji ko asibiti. Karatun lauya sai an haye teku, babu kuma wanda ke da niyyar tura ɗan Arewa ya koyo yadda ake ƙalubalantar hukuma a gaban kotu. Alan Feinstein, Ba'amurken da ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1973, ya ruwaito cewa wani Baturen malaminsu na kimiyya ne ya ja hankalinsa zuwa koyarwa. Hujjar Baturen kuwa ta zamanin yaƙi ce: Jamusawa na cin ƙasa, ba a san abin da gobe za ta haifar ba, aikin malanta kuma mafaka ce ga mai kaifin baki. Aminu ya karɓi shawarar. Wato tun ranar farko, a matsayin wurin fakewa ya shiga aikin.

Akwai kuma wani miki da ya tafi da shi. Masu tarihinsa sun nuna cewa mahaifinsa ya taɓa riƙon kujerar babban alƙalin Kano, amma da aka zo tabbatarwa sai aka ba wani. Aminu ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa a tsarin En'e, kusanci da fada ya fi ilimi nauyi, har ya rubuta wata ƙasida mai zafi a kan mulkin danniya na En'en Kano tun yana farkon shekarunsa na ashirin.

Bauchi: aji da rana, muhawara da dare

An tura shi Midil ta Bauchi, a can ya haɗu da mutane biyu da rayuwarsu za ta zame masa madubi. Na farko shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya girme shi da shekara takwas, malami mai natsuwa da taka-tsantsan, wanda ya riƙe shugabancin makarantar. Na biyu shi ne Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, masanin addini kuma mawaƙi, wanda ya riga ya bar aikin koyarwa a Zariya ya dawo gida. Ɗaya yana cikin tsarin yana hawa a hankali, ɗayan ya fita yana magana yadda ya ga dama. Aminu ya yi shekaru yana tsaye a tsakaninsu.

Ya kamata a fahimci abin da ke damun sa, domin ba ɗalibai ba ne. Duk shaidun da aka samu sun nuna malami ne mai son aji, wanda ke shirya wa yara wasan kwaikwayo, yana cusa musu darasi a cikin raha, yana shaguɓe ga masu cin zalin talaka ta bakin 'yan wasa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne sharaɗin da ke tattare da albashin. Makarantar midil tana ƙarƙashin En'e, Baturen ilimi na sa ido a kanta, malami kuma ma'aikacin hukuma ne da ba a yarda ya soki hukuma a fili ba. Yana iya koya wa yara tarihin yadda wasu al'ummomi suka nemi 'yancinsu, amma ba shi da ikon tambayar inda harajin iyayen yaran ke tafiya.

Dabararsa ta farko ita ce rubutu a ɓoye. Ya riƙa aika wa jaridun Kudu, musamman West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, labaran abin da ke faruwa a lardin. Ta biyu ita ce ƙungiya. Shi da Sa'adu Zungur da wasu 'yan boko sun kafa ƙungiyar neman ci gaban Bauchi a 1943, aka kuma samu zauren tattaunawa da hukuma ta amince da shi, inda malamai, ma'aikatan En'e da jami'an Turawa kan zauna su yi muhawara kan al'amuran yau da kullum. Turawa sun ɗauka idan aka ba matasan wurin huce haushi a gabansu, za su daina kai ƙara jaridun Ikko. Lissafin bai fita ba. Muhawara ta kai ga mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, ta kuma kai ga tambayar da Aminu ya jefa game da ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe zauren.

Wanda ya taɓa aiki a wurin da ake kiran taron jin ra'ayin ma'aikata, sa'annan a hukunta wanda ya faɗi ra'ayin, zai gane abin da wannan rufewa ta koya wa malamin.

A 1946 aka ba shi gurbin ƙaro karatu na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, irin wanda Ɓalewa ya samu shekara guda kafin shi. Ga ma'aikacin da ya gaji, tafiya kwas hutu ce, hukuma kuma kan yi fatan ya dawo da sanyin jiki. Ingilar da Aminu ya tarar kuwa tana hannun jam'iyyar Leba, wadda ta hau mulki a 1945. Ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, ya ga ma'aikata na da ƙungiyoyin da gwamnati ke shakka, ya kuma shaida yadda Indiya ta karɓi 'yancinta a 1947 bayan gwagwarmayar da Gandhi ya jagoranta ba tare da makami ba. Ya dawo da tabbacin cewa abin da ake ce musu ba ya yiwuwa a gida, wasu na yin sa a ƙasar masu mulkin kansu.

Abu na farko da ya yi da wannan tabbaci shi ne ƙoƙarin gyara aikin daga ciki. Ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta. Bukatunta na ma'aikata ne zalla: albashi, ƙarin girma, horo, da martabar malamin Arewa idan aka kwatanta shi da takwaransa na Kudu. Mutumin da ya riga ya yanke ƙauna daga sana'a ba ya ɓata lokacinsa wajen kafa mata ƙungiya. Har zuwa wannan lokaci Aminu yana neman hanyar zama ne.

A shekarar ce kuma sabon Gwamnan Najeriya, John Macpherson, ya fito rangadin Arewa, aka tsara tafiyar ba tare da ya tsaya ya saurari mutanen garin Bauchi ba. Aminu da Sa'adu suka tara jama'a domin nuna rashin yarda, taron da ake lissafa shi cikin gangamin siyasa na farko a Arewa. Daga nan hukuma ta daina kallon sa a matsayin matashi mai surutu.

Maru

Ba a kore shi ba, domin korar malami mai takardar Landan za ta jawo surutu a jaridu. An bi hanyar da hukumomi ke bi har gobe: canjin wurin aiki mai kama da ƙarin girma. Zuwa farkon 1949 Aminu yana Maru, a sabuwar kwalejin horon malamai, nesa da Sa'adu, nesa da Kano, nesa da jirgin ƙasan da ke kawo jaridu a kan kari, kuma a cikin ƙasar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, inda ba a saba jin wani ya ɗaga murya ba.

A Maru ya zauna da wani matashin malamin Larabci, Abubakar Mahmud Gumi, wanda shi ma bai iya ganin abu ya yi shiru ba. A lokacin ne aka yi taƙaddamar nan da limamin garin kan yin taimama alhali ga ruwa, maganar da ta kai har fadar Sakkwato aka naɗa masu bincike. Kwalejin da aka so ta zama wurin killace mutum ɗaya sai ta zama abin da fada ke yawan jin labarinsa. Aminu ya kuma ƙulla zumunci da matasan 'yan bokon lardin, cikinsu har da wani malamin makaranta mai suna Shehu Shagari, wanda shekaru talatin bayan haka za su yi takarar shugabancin ƙasa tare.

Amma abin da ke faruwa a wajen Maru ya fi na cikinta sauri. A 1949 aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna ƙarƙashin Dakta R.A.B. Dikko, Aminu na cikin mahalarta. An kira ta ƙungiyar al'adu ne da gangan, saboda yawancin 'ya'yanta ma'aikata ne, dokar aiki kuma ta hana su siyasa. Ana cikin shirin sabon tsarin mulki da zai kawo zaɓe a 1951. Kowa ya san cewa wanda bai shiga fagen a lokacin ba, za a raba kujeru babu shi.

Watan Agustan 1950 ya zo da abubuwa biyu. Ranar 8 ga wata, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Sunan Aminu ba ya cikin takwas ɗin, ba don ba ya tare da su ba, sai don yana karɓar albashin hukuma. A cikin watan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa tsarin En'e garambawul, jawabin da ya girgiza sarakuna. Adalci ne a faɗi wannan, domin masu son Aminu kan nuna kamar duk wanda ya zauna a cikin tsarin matsoraci ne. Ɓalewa ya zauna, ya kuma faɗi magana mai nauyi daga ciki. Bambancin shi ne Ɓalewa yana da kujerar da ta ba shi izinin magana. Aminu kuwa allo kawai yake da shi, a wani gari da aka zaɓa domin kada a ji shi.

Ya rubuta takardarsa. Bayan ya bar Maru, ya bayyana dalilansa a jaridar Daily Comet da ake bugawa a Kano. Abin lura a cikin bayanin shi ne bai yi kukan albashi ba, bai kuma yi kukan ɗalibai ko yawan aiki ba. Ya nuna cewa bai yarda dole ne ƙasar ta ci gaba da zama a hannun haɗakar Turawa da masu sarauta ba, cewa ma'aikaci ba shi da 'yancin sukar wannan tsari, cewa En'e ba za ta iya magance matsalolin ilimi da tattalin arzikin jama'a ba, kuma ya shirya a kira shi da duk sunan da aka ga dama.

Dokar da ta tilasta masa zaɓi tsakanin abinci da baki ta daɗe bayansa. Sai a shari'ar da ɗaya daga cikin almajiransa, Balarabe Musa, ya yi da hukumar zaɓe ta INEC, wadda Kotun Ƙoli ta bayyana dalilan hukuncinta a 2003, aka soke tanadin dokar zaɓe da ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya. Har yanzu dai kundin tsarin mulki ya wajabta wa ma'aikacin da zai tsaya takara ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Abin da fitar ta ci

Ana yawan ba da labarin murabus ɗin kamar wanda ya rufe ido ya faɗa rijiya. Tarihin bai nuna haka ba. Lokacin da Aminu ya bar Maru, yana da ƙungiyar malamai da ta san shi a kowane lardi, yana da tsofaffin ɗalibai, yana da editocin da ke buga rubutunsa, yana da jam'iyyar da ke jiran sa, yana kuma da gida da dangi masu mutunci a Sudawa, waɗanda asalinsu ya sa ba a iya cewa bai san addini ba. Shekaru takwas ɗin da ya yi yana jurewa su ne suka tara masa wannan jari. Da ya fita a 1943, ranar da ransa ya fara ɓaci, da wuya a ce wani ya lura.

Duk da haka, jarin bai hana shi shan wuya ba. A taron Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi a Jos a Disamban 1950 aka raba gari tsakanin masu ra'ayin riƙau da 'yan NEPU, ragowar ƙungiyar kuma ta rikiɗe ta zama NPC a 1951, jam'iyyar da sarakuna suka runguma. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi babu kujera ko ɗaya a Majalisar Arewa. Aminu ya zama shugabanta a 1953, shekarar da 'yan daban da aka fi sani da 'Yan Mahaukata suka fara far wa magoya bayanta a Kano. Kotunan alƙalai, irin waɗanda mahaifinsa ya yi wa aiki, su ne aka yi amfani da su wajen ɗaure 'yan NEPU da yi musu bulala kan laifuffuka irin su taro ba izini ko ambaton sarki ba da ladabi ba. Talakawan da suka bi shi a ƙauyuka, waɗanda ba su da takardar Landan ko suna a jarida, su suka fi kowa ɗanɗana wannan azaba.

A zaɓen tarayya na 1954 ya sha kaye a hannun Maitama Sule, shi ma malamin makaranta, wanda ya yi tafiya da 'yan NEPU a farkon lamari kafin ya koma NPC. A 1956 ya nemi kujerar Majalisar Arewa, Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. A 1957 tsohon abokin aikinsa na Bauchi ya zama Firayim Ministan Najeriya. A farkon 1958 Sa'adu Zungur ya rasu bayan doguwar jinya. Sai a zaɓen Disamban 1959, shekara tara cur bayan barin Maru, Aminu ya ci zaɓe karon farko, ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko daga mazaɓar Kano ta Gabas. Ƙawancen NEPU da NCNC ya sa ya samu kansa a ɓangaren gwamnatin da Ɓalewa ke jagoranta, yana mataimakin mai tsawatarwa, yayin da a gida NPC ke ci gaba da ɗaure mutanensa. A 1964 kujerar ma ta suɓuce.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne bai taɓa barin koyarwa ba. Da ya dawo Kano ya buɗe makarantar Islamiyya mai tsarin aji da darasi, wadda ke karɓar yara mata, abin da ya jawo masa adawa mai tsanani kafin irin waɗannan makarantu su zama ruwan dare a Arewa. Ya yi tafsiri a watan azumi shekara da shekaru. Ko a kan dandamalin siyasa, salon malami yake bi: ya ɗauki haraji ko jangali ko aikin tilas, ya warware wa manomi yadda abin yake tun daga tushe. Abin da ya ajiye a Maru shi ne ubangidan da ke biyan sa.

Daga baya ya sake karɓar albashin gwamnati, wannan karon a matsayin kwamishinan tarayya a mulkin Janar Yakubu Gowon, inda ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sa'annan ta lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wasu daga cikin mabiyansa ba su ji daɗin ganin sa a gwamnatin soja ba. A 1978 ya kafa PRP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, Shehu Shagari ya yi nasara, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnonin Kano da Kaduna ta hannun Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Kafin a je ko'ina ta dare gida biyu, santsi da taɓo, rikicin da ya cinye shekarunsa na ƙarshe.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen da zai sake tsayawa takara. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda a yau ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A Maru kuwa har yanzu ana horar da malamai, a Kwalejin Ilimi ta Jihar Zamfara.